Gaisuwar da Ta Cinye Batirin Babaji

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon ɗinkin Gwadabe da ke Ƙofar Guga ya san Babaji, in ma bai san shi ba to ya san wayarsa, domin ita take riga shi yin sallama. Dillalin filaye ne, amma sai ka wuni da shi ba ka ji ya ambaci fili ba. Zancensa ɗaya ne, Dorano. Wani kamfanin waya ne, Babaji kuwa ya riƙe shi kamar gidan kakansa. Da zarar sun fito da sabuwa, ta hannunsa ta tsufa ke nan a idonsa, sai ya kai ta kasuwa a yi musaya ya yi ciko. Matarsa Hajo ta ce ita dai ba ta taɓa riƙe launin wayar mijinta ba, kafin ta saba da ɗaya an kawo wata.

Gwadabe taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, saboda haka tun suna yara al'ada ta ba shi izinin tsokanar Babaji, bai kuma taɓa wasa da wannan izini ba. Shi mutumin Kesta ne, wani kamfanin daban. Wayarsa ta daɗe a hannunsa har gilashin ya tsage ta gefe, amma yana tinƙaho da cewa sai ya manta inda ya ajiye caja kafin ta nemi wuta. Majalisar shagon ta rabu gida biyu a kansu. 'Yan Dorano suna cewa sauri, 'yan Kesta suna cewa batir, ana ta da jijiyar wuya yadda ko a kan ƙwallo ba a yi.

Ana cikin haka matar Sagir, ƙanin Babaji, ta haifi ɗanta na fari, namiji. Mahaifinsu Alhaji Haliru kuwa yana Makka wajen Umara. A gidansu sunan jika na kaka ne, shi ke zaɓa, ba a kuma kwantar da rago sai an ji daga bakinsa. Haihuwar ta zo daidai da lokacin da Babaji ya ɓare sabuwar Dorano daga kwali, mai kama 5G, sabis ɗin nan mai sauri da a lokacin sai an yi sa'a ake tsintar sa a wasu lungunan gari.

Da Alhaji ya kira don yin barka, sai ya ce wa Babaji ya saurara ya faɗa masa sunan ya riƙe, kada a tsaya neman sa ranar suna. Mai hankali da sai ya ce to. Babaji ya katse shi da rantsuwa, ya ce kada ya faɗa, akwai shiri. Ranar suna zai kira shi ta bidiyo, jama'a su gan shi tsaye ga Harami a bayansa, ya faɗi sunan da bakinsa kamar yana zaune a ƙofar gida. Ya ce ba a taɓa yin irin wannan suna a Katsina ba. Tsohon ya ce to, in dai ba za a wahalar da mutane ba.

Da yamma ya kai labarin majalisa. Gwadabe bai ko ɗago daga keken ɗinki ba, ya ce, "Wayar ga taka da ke shan wuta kamar dutsen guga? Ai sai ka tahi da janareta."

"Wannan ba irin akwalar da kake riƙe ba ce," in ji Babaji. "Yadda ka gan ta cike ɗin ga, in na ga dama har ranar suna ba ta ganin caji."

"To ka ga dama mana."

A nan ne ya kamata Babaji ya yi dariya ya canza zance, amma bakinsa ya saba riga kansa isa wuri. Ya zaro cajar daga aljihu ya danƙa wa Gwadabe a gaban shaidu. Don kada a ce ya tsaya a nan, ya ƙara da cewa ya kulle wayar a kan 5G zalla, ya hana ta sanin wani abu wai shi 4G, wannan na masu tsagaggen gilashi ne. Gwadabe ya rataye cajar a ƙusa saman keken, ya ce Allah ya kai mu.

Ranar farko Babaji bai ji komai ba. Ya ɗauki bidiyon ragon suna ta gaba da ta baya. Ya tsaya a bakin titi ya jawo hasumiyar Gobarau da kyamara har ana ganin tattabarun da ke samanta, ya bi duk mai wucewa yana nuna masa. Ya saukar da wani dogon fim da ba zai kalla ba, don kawai a ga saurin da zai sauka. Sai washegari da hantsi da ya duba ya ga batirin ya sauka ƙasa da rabi.

Daga nan aka shiga tsimi. Ya rage hasken gilashin har ba a ganin komai da rana, in zai karanta saƙo sai ya tura kai cikin babbar rigarsa, har wata tsohuwa ta tsaya tana ba shi haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi masa. Ya daina ɗaga kira. Wani mutum da suka daɗe suna cinikin fili a bayan GRA ya kira ya gaji ya koma wurin wani dillalin. Wani kuma ya ce masa sanyi yana riƙe batir, sai ga Hajo ta buɗe firji ta tarar da Dorano kwance tsakanin ƙullin zoɓo. Ta tambaye shi ko ita ma ta sayarwa ce, ya sha mur ya ce mata ba su san kimiyya ba.

Duk da haka batirin bai fasa sauka ba. Da abin ya ishe shi, sai ya bar mashin ɗinsa a gida don kada a gane shi, ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi can wajen Gobarau, wurin wani mai rumfar caji da ba su san juna ba. Ya manta da abin da shi da kansa ya yi ta fahariya da shi, wato bakin cajin sabuwar Dorano daban yake da na kowace waya. Mai rumfar ya gwada duk igiyoyin da ke gabansa, ba wadda ta shiga. Ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya zo da nasa tulin. Kafin a jima mutane sun taru suna kallon wayar da ta gagari caji, wani ya ɗaga tasa ya ɗauki hoto. Babaji bai iso Ƙofar Guga ba sai da hoton ya riga shi.

Ya tarar da majalisa a cike, ana miƙa wayar Gwadabe daga hannu zuwa hannu. Gwadabe ya yi masa sannu da hanya, ya ce a kan 4G hoton ya zo, amma ya fito ras. Babaji ya ce shi ba caji ya je yi ba, zuwa ya yi ya nuna wa masu rumfa irin igiyar da za su fara saro wa baɗi, taimako ne. Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe shaidu suka yanke cewa tunda wuta ba ta shiga ba, magana tana nan. Shi dai da so samu ne a ce ta rushe, amma ya daki ƙirji ya ce haka yake so.

Ana gobe suna Sagir ya same shi a zaure. Sagir ba zai iya kiran mahaifinsa ya tambayi sunan ɗansa na fari ba, kunya ba za ta bar shi ba, ko ambaton yaron ma ba ya yi sai dai ya ce "mutanen cikin gida". Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya roƙi yayansa ya kira Alhaji yanzu ya karɓi sunan, in ya so gobe a yi bidiyon don ado. Babaji ya lissafa abin da kiran zai ci a batir, ya kuma tuna Gwadabe, sai ya ce, "Kai dai je ka ɓuya yadda uban ɗan fari ke yi. Wannan aikin manya ne." Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya naɗe ta a hula ya ajiye.

Da safe bayan an fito masallaci ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin kwata, ana zagayawa da goro da dabino. Liman Malam Talle ya zauna a gaba, tun zuwansa ya faɗa cewa akwai wani sunan da ke jiran sa a wata unguwa. Hussaini mahauci yana gefe riƙe da igiyar rago, ya wasa wuƙa ya gama. Sai ga Babaji ya fito cikin shadda mai maiƙo, yana ƙamshi, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani sannan ya kunna. Batirin ya yi ja. Ya sa babban yatsa ya rufe wurin.

Sabis kuma ya ce bai san zancen ba. A ƙofar gidan babu ko ɗigon 5G. Gwadabe, wanda ya zo da wuri ya kama wuri mai kyau, ya ba da shawara cikin ladabi cewa a sake ta ta kama 4G, ba wanda zai faɗa. Babaji ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga hannu sama ya fara yawo, idon jama'a na bin sa. Ya shiga zaure ya fito. Ya tsallaka kwata ya dawo. Ya matsa kusa da rago, ya ga alamar sanda ɗaya ta leƙo, ya duƙa zai kama ta, ragon ya ga shadda tana ƙyalli a gabansa ya kai mata karo. Aka ɗaga shi aka kakkaɓe shi. Liman ya duba agogo.

Daga ƙarshe aka jingina tsani, Babaji ya tattare riga ya hau saman soro. Can a kusurwa, kusa da tankin ruwa, sabis ya cika. Ya danna kira, ya kwanta rub da ciki, ya zuro hannu ƙasa da wayar tana fuskantar jama'a, ya ƙure murya.

Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi kyau. Fuskar Alhaji Haliru ta fito tar, farin gemunsa har ana iya ƙirga gashin, ga hasumiyoyin Harami a bayansa. Tsofaffi suka hau salati. Wasu suka miƙe tsaye. Babaji yana kwance a kan soro, haƙarƙarinsa na zafi, amma zuciyarsa fari ƙal, yana ta laluben fuskar Gwadabe a cikin taron.

Abin da bai lissafa ba shi ne yadda jama'a ke ganin Alhaji, haka shi ma yake ganin su. Alhaji Haliru kuwa mutumin cikin birni ne na asali, bai taɓa wuce mutum bai gaishe shi ba. Ya fara da Liman. An tashi lahiya, ya gajiya, ya iyali, ya jama'a, ya ƙafar nan da ke damun sa, an samu sauƙi kau. Liman ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da nasa, ya ibada, ya hanya, ya mutanen Makka, a sa mu a addu'a. Alhaji ya koma kan na kusa da Liman, suka sake daga farko.

Babaji ya leƙo gilashin ta gefe, ya ga jan ya koma siriri kamar zare. Zufa ta karyo masa. Ya yi ta addu'a tsohon ya tsaya a sahun gaba, amma kyamarar da ya yi mako yana yabo ba ta ɓoye kowa ba. Alhaji ya hango wani can baya jikin bishiyar darbejiya, ya ce wancan ba Malam Sada ba ne, a matso da shi. Aka matso da Malam Sada, wanda kunnensa ya yi nauyi, kowace gaisuwa sai an maimaita masa.

"Alhaji," in ji Babaji daga sama, murya ƙasa-ƙasa, "sunan dai."

"Babaji, ina gaisawa da mutane. Yaushe ka koyi katse manya?"

Wasu dattawa suka ɗaga kai suka harare shi.

Sai layi ya zo kan Gwadabe. Shi kaɗai ne a wurin ya san abin da zufar Babaji take nufi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida kawunsa, gaisuwar da bai taɓa yin mai tsawonta ba tun da aka haife shi. Ya tambayi zafin Makka, ya tambayi abincin masauki, ya tambayi ko an je Madina, da aka ce an je sai ya tambayi sanyin Madina. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yaron ga akwai zumunci. Babaji yana sama yana cizon hannun riga.

Da aka gama da kowa har da mahauci, Alhaji ya gyara murya. Ya yi hamdala, ya yi salati, ya ce ya daɗe yana tunanin sunan da ya dace da wannan yaro, ya kuma roƙi Allah zaɓi a gaban Ɗakin Allah. Babaji ya ji wayar ta ɗan girgiza a hannunsa, irin girgizar da ya sani. Kafin na ƙasa su ankara ya fizge ta ya manna a kunne.

"Na'am Alhaji. To. To, na ji." Ya yi ta gyaɗa kai ga gilashin da ya riga ya yi baƙi. Sannan ya leƙo ya shaida wa jama'a cewa Alhaji ya ce suna a kunne ake raɗa shi, ba a lasifika ba. Dattawa suka ce ƙwarai kau, haka aka gada.

Yana saukowa daga tsani yana neman suna. Ya ce a ransa a samu na annabi, wanda ba mai ja da shi, in ya so daga baya ya san yadda zai lallaɓa tsohon. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya duƙa ya raɗa wa Liman Isah. Liman ya yi addu'a aka shafa, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, Hussaini ya kwantar da rago, guɗa ta tashi daga cikin gida. Babaji ya sauke ajiyar zuciya, ya zura gawar wayar a aljihu, har ya fara karɓar sannu da ƙoƙari.

Sai ya lura dattawa sun bar shi sun nufi Gwadabe suna miƙa masa hannu. Gwadabe kuwa ba dariya yake yi ba, idonsa ya kawo ruwa, yana cewa ashe haka Kawu ke ƙaunarsa bai sani ba. Babaji ya tsaya sororo. A hankali abin ya dawo masa. Gwadabe laƙabi ne. Sunansa na yanka Isah, rabon da wani ya kira shi da shi tun suna firamare.

Bai gama haɗiye wannan ba wayar mai tsagaggen gilashi ta yi ƙara. Gwadabe ya duba ya ce Kawu ne, ya buɗe murya don kowa ya ji godiyar da zai yi.

"Gwadabe, wayar ɗan'uwanka ta mutu ina tsakiyar magana, ina ta kira ba ta shiga," in ji Alhaji. "Ka gaya ma Malam a mayar ma yaron ga da sunan Babaji. Shi ne babba, kuma sunan mahaihina gare shi. Ya daɗe ba a yi mashi takwara ba."

Liman ya karɓi wayar ya yi bayani a taƙaice, bai ƙara ba bai rage ba. Sai Alhaji ya yi tambaya ɗaya.

"An yanka ragon?"

"An yanka, Alhaji."

"To shi ke nan, suna ya zauna. Isah ɗin ma namu ne. Allah ya raya."

Dariyar ba ta fashe ba sai da Liman ya sa takalmi ya tafi, amma da ta fashe har cikin gida aka ji, mata suka aiko a tambayo abin da ya faru, da aka gaya musu su ma suka ɗauka. Babaji ya zauna a bakin tabarma, shadda duk ƙasa, goro a hannu ya kasa ɓarawa. Tsiyar majalisa ba ta dame shi ba, wannan ya saba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne ya daɗe yana son a ce yau ga yaro a gidansu da sunansa, bai taɓa faɗa wa kowa ba, ashe tsohon ya sani.

Yaron yanzu ya fara tafiya, kuma duk gidan ba wanda yake ƙauna kamar Babaji. Da ya ji sallamarsa sai ya taho da gudu ya rungume masa ƙafa. Babaji ya ɗaga shi sama, mata su leƙo daga madafa su ce a dai yi a hankali da Gwadabe ƙarami, shi kuma ya ce to.